Ranar da na yi wa Kiristoci barka da Sallah a Bodinga

Shekaruna sun ja yanzu, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har sunayen wasu da muka yi noma tare sai an tuna mini. Amma akwai yini guda da ba na jin zai fita raina sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Shi ne yinin da na shiga gidan mutumin da ban taɓa gani ba, na yi masa barka da Sallah, alhali shi ba Musulmi ba ne, kuma ranar ma ba ranar Sallarmu ba ce.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tafi. Ina zaune a Mandera, da damina in noma gero da dawa, in rani ya yi in koma fadama wajen albasa. Na taɓa karatu gwargwado wurin wani malami a Sifawa. Ban yi nisa ba, amma a lokacin ina jin kaina kamar wani masani, ba a yin gardamar addini a zaure ban sa baki ba.

Ina da wata ɗiya, ita ce ta fari, shekarunta huɗu. Tun da aka yaye ta Inna, mahaifiyata, ta ɗauke ta, ɗakinsu ɗaya, tabarmarsu ɗaya. Ni kuwa, kamar yadda aka saba, kunyar ɗan fari ta hana ni ko kiran sunanta, balle in ɗauke ta a gaban mutane. Ina sonta, amma daga nesa.

Wata safiya ta tsananin ɗari, Inna ta hura wuta a tsakar gida ana jin ɗumi. Ta tashi ɗauko ƙwarya a ɗaki, kafin ta fito gefen zanen yarinyar ya kama. Ina fadama ina ba albasa ruwa aka zo aka kira ni. Na tarar an kashe wutar, amma ta ci cinyar hagu har zuwa kwiɓi, fatar ta saɓule. Inna ta shafa mata man shanu, tana rungume da ita, ita kanta hannuwanta biyu sun ƙone wajen kashe wutar, ba ta ma lura ba. Matata tana cikin jego, kwananta tara da haihuwa, ba halin ta fita. Tana tsaye a bakin ɗaki tana kuka ba sauti.

Ranar na manta da wata kunya. Na karɓi ɗiyata na ɗora a kafaɗa, na aza Inna kan jaki, muka nufi Shagari. A lokacin ɗakin shan magani mafi kusa da na sani yana Bodinga. Mun daɗe a bakin hanya kafin Allah ya kawo wata babbar mota ɗauke da buhunan gyaɗa za ta Sakkwato. Direban ya leƙo, ya ga abin da ke hannuna, bai tambaye ni komai ba ya ce mu hau. Na bar jakin wurin wani mai sayar da goro da na sani. Tun daga gida yarinyar take tsala ihu, amma da muka yi nisa sai ta yi shiru, idonta a buɗe, jikinta yana rawa. Wannan shirun ya fi kukan tayar mini da hankali.

Azahar ta gota muka sauka a Bodinga. Muka tarar da ƙofar ɗakin shan maganin a kulle. Wani dattijo mai gadi yana zaune a gindin bishiya yana saƙar igiya, shi ya gaya mana yau ba aiki, malamin asibitin Kirista ne, mutumin kudancin Zazzau, kuma yau ce babbar ranarsu ta shekara. Ya faɗi sunan ranar sau ɗaya, kunnena bai riƙe ba. Ya nuna mini wani gida mai dangar zana a bayan asibitin, ya ce in je in gwada, mutumin ba shi da wulaƙanci.

Tun kafin mu isa muka ji waƙa, maza da mata suna yi tare. A nan na ja na tsaya. Na sha jin ana cewa a zaure bai kamata Musulmi ya taya waɗannan mutane murnar bikinsu ba, ni ma da bakina na sha faɗa. Na kuma ji wasu na cewa su ma ba sa so, in ka gaishe su da irin gaisuwarmu sai su ɗauka ba'a kake yi musu. To ga ni zan faɗa wa mutum gida a ranar farin cikinsa, da roƙo a bakina. In shiga ba gaisuwa, kamar wanda ya zo kamu? In yi sallama, ko ba a yi musu? In gaishe su da ranarsu, da wace kalma, kuma me zan ce wa Ubangijina? Abin kunya ne in faɗa, amma na tsaya a bakin dangar nan ina wannan lissafi da yarinya a kafaɗata.

Inna ce ta dungure ni a baya da gwiwar hannu. Ta ce, "Mi kaka jira? Shiga ka gaishe su, mutane na."

Na ce gafara dai, na shiga. Mutum kamar goma ne zaune a kan bencina a inuwar rumfa, sun sha farin kaya, wasu da littafi a hannu. Waƙar ta tsaya, duk suka juyo. Ban san wane ne mai gidan ba. Na nemi sunan ranar nan a kaina na rasa, sai na ji bakina ya ce, "Barkanku da Sallah."

Wata mata ta sa hannu ta rufe baki. Wani mutum dogo mai tabarau, wanda daga baya na ji ɗan kudu ne mai duba aikin hanya, ya miƙe tsaye, fuskarsa a ɗaure. Da Hausarsa mai tsami ya ce su ba sa Sallah, in wasa na zo yi musu in koma inda na fito. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da na guda ta ɓangare biyu duk ya same ni: na faɗi abin da nake ganin bai halatta ba, kuma na ɓata wa mutane rai.

Sai wani gajere, baƙi, mai 'yar furfura a gefen kai, ya taso daga ƙarshen benci. Ya dafa dogon nan ya ce, "Zauna. Da me kake so ya kira ta? Da kalmar da yake da ita ya gaishe mu." Ya juyo gare ni ya ce, "Barka kadai, malam. Mun gode." A lokacin idonsa ya sauka kan ƙafar yarinyar. Ashe shi ne malamin asibitin. Nan take ya cire farar rigarsa ya miƙa wa matarsa, ya ɗauko makulli.

Abin da na gani a ɗakin nan ba zan iya faɗinsa duka ba. Ya sa na riƙe ta, ya wanke man shanun nan kaf da ruwan da aka dafa, ya cire matacciyar fata da ɗan almakashi, ya shafa wani shuɗin magani, ya rufe da ƙyalle mai tsabta, ya yi mata allura. Yana yi yana mata magana a hankali, yana tambayarta ko tana da akuya, wane launi ce. Matarsa ce ke shigowa da ruwan zafi, tana ba yarinyar ruwa da sukari da ɗan gishiri a cokali, kaɗan kaɗan. Ita ce ma ta lura da hannuwan Inna, ta zaunar da ita ta gyara mata su. Da ya gama, ya gaya mini gaskiya, ya ce wutar ta ci da yawa, kwana uku na farko su ne abin tsoro, in zazzaɓi ya tsananta dole mu wuce Sakkwato. Ya ce kada mu yi nisa, kullum zai duba ta safe da yamma.

Muna fitowa na ga rana ta yi sanyi, ga shi ko Azahar ban yi ba. Ban san yadda zan faɗa ba. Matar ta duba ni, ta shiga gida ta fito da buta da sabuwar tabarma, ta shimfiɗa mini a gefen danga, mijinta ya nuna mini gabas. Na yi sallata a gidan Kirista a ranar bikinsa, baƙinsa kuma suka dakata da waƙa har na sallame. Bayan haka aka kawo mana shinkafa da nama. Na yi ɗan jinkiri, sai matar ta ce mahaucin garin ne ya yanka ragon, Musulmi, kullum wurinsa suke saye. Inna ta riga ni sa hannu, ko in ce ni na riƙa ba ta a baki, don hannuwanta a naɗe suke.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a Bodinga, a gidan wani ɗan ƙanen Inna. Zazzaɓin ya zo a rana ta biyu, ya sauka a ta huɗu. A rana ta shida ta nemi fura. A cikin kwanakin nan muka saba da malamin asibitin, wani lokaci in ya sallami mutane mu zauna a baranda. Rannan na daure na ba shi haƙuri kan gaisuwar da na yi. Na gaya masa gaskiya cewa ba don kirki na faɗa ba, tsoro ne da buƙata suka fito da ita.

Ya yi dariya ya ce ya sani. Ya ce ko da na shigo da zagi ne, da zai duba yarinyar, wannan aikinsa ne. Sannan ya ce, "Shekarata uku a garin nan. Kowace Sallah nakan fita bakin hanya in yi wa mutane barka, suna amsawa, har nama ake aiko mini. Amma ranar tawa ba wanda ya taɓa ce mini komai. Ba ƙiyayya ba ce, ba su san me za su ce ba. Kai ne na farko. Na san don ɗiyarka ka faɗa, duk da haka na ji daɗi."

Shi ya koya mini sunan ranar, Kirsimeti, ya sa na maimaita har sau uku yana dariya. Ya kuma roƙe ni kada in riƙe dogon nan a rai. Ya ce a wani gari da ya yi aiki an sha tare shi ana masa kirarin izgili da sunan gaisuwa, shi ya sa ya ɗauka irin ta ce. Har na bar Bodinga mutumin nan bai yi mini magana ba, in mun haɗu sai dai ya ɗaga kai. Ban ga laifinsa ba.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, don haka kafin mu koma gida na taka zuwa Sifawa wurin malamina. Na same shi a zaure yana gyara alƙalami, na durƙusa na zayyana masa komai, ina jiran faɗa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni abin da ke zuciyata sa'ad da na faɗi maganar. Na ce, Allah gafarta malam, ba komai sai ina son su karɓe ni da alheri. Ya tambaya ko na yi bautarsu tare da su, na ce a'a, tawa ma na yi a gidansu. Ya ce ba zai ɓoye mini ba, malamai ba su haɗu kan wannan magana ba, akwai waɗanda suka tsananta, kuma kada in fita ina gardama da kowa a kai. Amma a nasa ganin, yi wa mutum fatan ya wuni lafiya cikin iyalinsa daban, karɓar aƙidarsa daban. Daga nan ya ce, "Wanga mutum da ya bar baƙinai ya tsaya kan ɗiyarka, mi kak kai mashi?" Na ce ban kai komai ba tukuna. Ya ce to wannan ne ya kamata ya hana ni barci.

Da albasata ta nuna na kai masa buhu guda da kaina. Shekara biyu bayan haka aka yi masa canjin wurin aiki, ban ƙara jin labarinsa ba. Ɗiyata ta rayu, tana ɗan ɗingishi in sanyi ya yi, ta yi aure a Shagari, yau jikokinta sun fi ƙarfin ƙirgata. Ba na yin addu'ar neman alheri ga waɗanda suka taimake ni a duniya ban tuna da mutumin nan da matarsa ba.

Abin da na koya shi ne, gaisuwa ba ta fin zuciyar da ta fito daga ciki, kuma ba ta fin zuciyar da ta karɓe ta. Kalma ɗaya na faɗa a gidan nan, mutum guda ya ji zagi, wani ya ji zumunci, kowanne da abin da rayuwa ta nuna masa. Tun daga lokacin, in baƙo ya gaishe ni da gaisuwar da ba tawa ba, ba na binciken kalmar, nufinsa nake dubawa in amsa masa da kyau. In kuma na gaida wani ya ɓata rai, nakan ba shi haƙuri in wuce, don ban san wanda ya taɓa cutar da shi da gaisuwa ba. Addinina yana nan inda yake, bai ragu da komai ba. Abin da ya ragu kawai shi ne girman kan da na tsaya da shi a bakin danga, ɗiyata tana mutuwa a kafaɗata.