Sati Na Biyu Na Watan Yuli

Duk watan Janairu wasiƙar nan take zuwa, kuma duk zuwanta sai raina ya ɓaci kamar ban taɓa ganinta ba. Farar ambulan ce mai hoton bishiyar kwakwa. A ciki sai su fara da gaishe ni a matsayin mai gida, sannan su gaya min kuɗin gyaran bana, wanda tun da na san shi bai taɓa yin ƙasa ba. Wai mai gida! Ni da nake haya a hawa na huɗu a unguwar Soundview ta Bronx a New York, inda lif ɗinmu yake aiki ranar da ya ga dama.

Abin da na mallaka ba gida ba ne, sati ne. Sati na biyu na watan Yuli, a wani masauki mai ɗaki biyu da falo da kicin a Florida, daf da irin manyan wuraren wasan nan masu lilo da jiragen da ke juya mutum sama da ƙasa. Sauran makonnin shekara na wasu ne da ban taɓa gani ba. Taimshiya suke kiran abin. Da hannuna na sa hannu, ba wanda ya ɗora min wuƙa, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai.

A lokacin aikin kula da tsofaffi nake yi, irin wanda ake kwana. Kwana huɗu a kowane mako ina gidan wata tsohuwa can a unguwar Stapleton, sai na hau jirgin ƙasa, na hau na ruwa, kafin in isa. Na san ƙwayar da take sha da safe da wadda take sha da rana, na san yadda take son a gasa mata burodi, amma ban san sunan malamar ajin babbar 'yata ba. Maigidana tasi yake ja, shi ma ganinsa sai an dace. Yaran, mata biyu, a hannun maƙwabciyarmu suke wuni, wata mutuniyar Gana da muke kira Anti. Babbar tana da shekara goma sha ɗaya, ƙaramar tara. Sun fara amsa min Hausa da Turanci, kuma ina ji a jikina babbar tana zamewa daga hannuna.

Waya aka yi mana, wai kwana uku a Florida a kan kuɗi kaɗan, sharaɗin kawai mu saurari wani bayani na awa ɗaya da rabi. Da muka je, awa huɗu muka yi a ɗakin bayanin. An ba mu karin kumallo, an ba yaran alawa da tikitin shiga wurin wasa. Mutumin da ya zauna da mu, mai fararen haƙora kamar an jera su da hannu, bai fara da maganar kuɗi ba. Tambayata ya yi, yaushe rabon da in yi mako guda cur tare da 'ya'yana. Sai ga hawaye suna zubo min. Ya miƙo min tishu, na ga takardu sun fito daga aljihun tebur.

Maigidana ya sunkuyo ya ce min da Hausa, "Tashi mu tafi, wannan ɗan damfara ne."

Na ce, "Haba Malam, mun ci abincin mutane, mun karɓi tikitinsu, sai mu kaɗe riga mu fita?"

Ka ji wauta. Na ɗauki kunyar gidanmu na kai wa wanda bai san ma ana yinta ba.

Ya shimfiɗa mana kalanda ya ce iri biyu ne. Akwai satin da ake nema duk shekara, in an samu a samu, akwai kuma tsayayye, wanda ba mai taɓa maka shi har abada, har 'ya'yanka su gada. Kalmar tsayayye ta yi min daɗi. Na sa yatsa a kan sati na biyu na Yuli saboda lokacin an yi hutun makaranta.

A nan ne nake so in kama kaina in jijjiga. Ni fa tun ina yarinya a Kano na san azumi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na yi azumi cikin sanyi, na yi shi cikin zafin bazara, na yi shi da damina. Ko yaron goye ya san duk shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. A shekarar nan cikin Agusta za mu yi shi. Da na ƙirga da yatsun hannu ɗaya da na ga inda ya dosa. Kalandar masallaci tana manne a jikin firjinmu. Amma ni da Malam, Musulmi biyu masu furfura a hanya, muka zauna muna kallon kalandar Bature kamar ita kaɗai ce a duniya. Shi mai haƙoran ba ruwansa da watanmu, ba zan ɗora masa wannan ba, ko da yake akwai da yawa da zan ɗora masa.

Ba zan yi ƙarya ba, shekaru biyun farko mun ji daɗi. Kicin ɗin nan kaɗai ya isa a yaba. Nakan tafi da garin tuwo da kuka da daddawa da naman da na saya a unguwar Fordham na daskarar, ba ruwanmu da tambayar ko abincin otal na halal ne. Akwai injin wanki a cikin ɗakin. Malam ya yi barcin da bai yi ba a shekara. Ƙaramar ta koyi iyo. Babbar kuwa, da muka hau wani jirgi mai faɗowa daga sama cikin ruwa, ta ƙanƙame hannuna tana ihu tana "Wayyo Umma!" da Hausa tsantsa. Da yamma takan kwanta a cinyata in yi mata kitso, tana ba ni labarin ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya. Na dawo New York ina gaya wa kowa na yi dabara.

A shekara ta uku Malam ya kawo sabuwar kalanda daga masallaci, ya tsaya gaban firji yana duba ta. Ya ce, "Zo ki gani." Azumi zai kama kwana kaɗan kafin satinmu.

Na buga wa kamfanin waya in canza satin. Aka riƙa jefa ni daga wannan murya zuwa waccan, kowace tana gode min da haƙurina, haƙurin da ban da shi. A ƙarshe wata ta ce ana iya canzawa in na biya wani kuɗi, amma satin da ya rage sai cikin Satumba. Na ce yara suna makaranta a Satumba. Ta ce ta fahimta. Ba abin da ta fahimta! Na ce mata azumi ne, wata guda ba ci ba sha daga asuba zuwa faɗuwar rana. Ta ce abin sha'awa, sannan ta tuna min cewa satina tsayayye ne, kamar ba ni na zaɓa ba.

Malam ya tambayi limaminmu ko za mu sha azumi a matsayin matafiya. Liman ya ce ranar tafiya da ranar dawowa dai, amma wanda ya yi niyyar zaman mako guda a wuri ya zama mazauni. Malam ya ce to mu haƙura da bana. Na ce ba za mu haƙura ba, an riga an karɓi kuɗina, kuma wannan ne kaɗai satin da nake da yarana. Taurin kaina ya kai mu.

Wanda bai san Florida a Yuli ba ba zai gane ba. Zafin Kano busasshe ne, wannan kuwa kamar an rufe ka a tukunyar dambu. Rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas. Ko'ina ka juya wani yana lasar askirim, wani yana zuƙar lemo mai ƙanƙara a kofi kamar bokiti. Ƙaramar ba ta fara azumi sosai ba, rabin yini take yi. Babbar ta shiga sha huɗu, tana tashi sahur tare da mu, kuma ina alfahari da hakan.

Rana ta uku muka shiga layin wani lilo, muka yi fiye da awa guda ba mu kai ko rabi ba. Harshena ya manne, kaina yana sarawa, hijabina ya jiƙe sharkaf. Babbar ta ce za ta zaga banɗaki. Da ta daɗe sai na bar Malam a layi na bi ta. Na same ta a bayan ginin, ta sunkuya a kan famfon shan ruwa, tana sha kamar ba za ta daina ba.

Ban tambaye ta komai ba. Na fizgo ta na kwaɗa mata mari, a gaban jama'a, marin da ni kaina na ji shi a tafin hannuna. Na ce, "Munafuka! Ki tashi sahur da mu, ki zo nan ki ci amanar Allah? Don wannan na kashe kuɗina na kawo ki?"

Mutane suka tsaya. Wata ma'aikaciyar wurin ta taho da sauri, rediyon oba-oba a hannu, ta shiga tsakaninmu ta tambayi yarinyar ko lafiya, ko ta san ni, ko tana so a kira wani. A ƙasar nan kowa ya san abin da kiran wani yake nufi. 'Yan sanda ke nan, har a iya raba ka da 'ya'yanka. Yarinyar nan, da shatin yatsuna a kumatunta, ta dubi matar ta ce da Turanci ba komai, mahaifiyarta ce, ƙudan zuma ne ya sauka a fuskarta na kore shi. Ta ma yi murmushi don matar ta yarda.

Muka hau mota muka bar wurin. Da muka koma masauki babbar ta shige ɗaki ta rufe. Ina kicin ina yanka albasar buɗa-baki, har lokacin ina huci, sai ƙaramar ta zo ta tsaya kusa da ni ta yi ƙasa da murya don kada babanta ya ji.

Ta ce, "Umma, Yaya fa ba ta salla ne. Tun jiya."

Na ajiye wuƙar. Na ce, "Ba ta me?"

Ta ce, "Ai ta daɗe da farawa, tun kafin Kirsimeti. Anti ce ta nuna mata yadda ake yi. Sahur ɗin don kada Abba ya gane ne."

Wata bakwai. 'Yata ta girma wata bakwai da suka wuce, maƙwabciya ta sani, ƙanwarta ta sani, ni ina Stapleton ina gasa wa wata burodi. Kuma abin da ta yi shi ne abin da ni ma na yi a gidanmu, abin da kowace 'yar Hausa take yi: ki tashi sahur, ki wuni kina lanƙwasa kamar mai azumi, ki sha ruwanki a ɓoye, don kunyar maza. Ni ya kamata in fara ganewa. Na ƙwanƙwasa ƙofar na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba komai, da Turanci, ba ta buɗe ba. Sauran kwanakin ta ce kanta yana ciwo, ba ta sake shiga wurin wasan ba.

Shekara ta gaba azumi ya rufe satin gaba ɗaya, ba mu je ba, na biya. Wadda ta biyo baya Salla ce ta faɗo a ƙarshensa, ba wanda zai bar Idi a Bronx ya tafi kallon mutum sanye da kayan dabba a wurin wasa, na sake biya. Na nemi in sayar, na tarar mutane suna bayar da irinsa kyauta a intanet ba mai karɓa. Na ce wa kamfanin su karɓi abinsu, ban son ko sisi. Suka ce ai nawa ne har abada. Wani ya kira ni ya ce zai raba ni da shi in na fara biyansa, na zage shi da Hausa na kashe wayar.

Da azumi ya fice daga Yuli na yi murna kamar an sake ni daga kurkuku. Na nemi hutu tun da wuri, na sayi garin tuwo, na fito da akwatuna. Babbar tana da sha bakwai lokacin. Ta ce ta samu aikin hutu a wani shagon takalma a Fordham, ba za su bar ta ba. Na ce zan je in roƙi mai shagon. Ta ce kada in je. Mu uku muka tafi, gadonta a shimfiɗe har muka dawo. Shekarar da ta biyo ta ce karatu. Daga nan na daina tambaya, ita ma ta daina neman dalili.

Yanzu ta yi aure, tana da ɗiya mai shekara huɗu. Muna waya, tana zuwa da Salla, ta saya min waya sabuwa, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Amma ba ta sake kwanciya a cinyata ba, kuma labarinta a bakin ƙanwarta nake ji.

Bana da wasiƙar ta zo na kira ta. Na ce ga satin nan, ita da mijinta su kai yarinyar, ni zan biya komai, ba sai na bi su ba ma in ba ta so. Sai ta amsa da Hausa, a hankali, tana neman kalmomin.

Ta ce, "Umma, na yafe miki tun tuni, wallahi. Amma kada ki bar min wurin nan a gado. Ki rubuta a takarda cewa ba nawa ba ne."

Na ce to. Ta ce yarinyar tana kuka, za ta kira ni an jima.