Mai Jan Biro a Rumfar Waya

Kullum yana zaune a rumfar buga waya ta Bukan Sidi, dattijo mai koɗaɗɗiyar kwat, da jan biro a kunne. Da gani tsohon malamin Turanci ne da ya rasa aji. Ba ya kiran kowa, kunne kawai yake kasawa.

Yau wata mai doya daga Doma tana magana da nas a wani asibiti a Legas, inda ɗanta yake kwance. Tana harhaɗa Turanci da kyar, wai tun jiya take musu filashin. Sai dattijon ya ɗaga biro: "Madam, wannan kalmar ba ta cikin ƙamus!"

Ta waiwayo ta dube shi, kafin ta koma kan wayar, layi ya yanke. Ta sake bugawa, ya ƙi shiga.

Shi kuwa sai gyara kwala yake. To malam, Turanci ya tsira. Yaron fa?