Gashin Bakin Baba Dardiri

Satina uku da fara aiki a shagon nutso na Hajiya Nagwa, a bakin teku a garin Kusair, na lura Baba Dardiri ba da kunne yake sauraron tukwanen iskar masu nutso ba. Yakan sunkuya a kan famfon tukunya kamar mai kasa kunne, amma kunnen yana can gefe. Gashin bakinsa ne ke shafar ƙarfen. In iska na zurara sai gashin ya motsa, shi kuma ya ce, "Wannan kuka take," ya janye ta gefe.

Ni an ɗauke ni ne in riƙa rubuta sunayen baƙi, bayan shekara huɗu ina karatun halittun ruwa a jami'a. Ba ni da surutu, sai kallo.

Baba mutumin Kena ne, wani gari nesa da teku. Shekara talatin da ɗaya yana ɗura wa masu nutso iska, amma ruwan teku bai taɓa wuce gwiwarsa ba. In an zolaye shi sai ya ce, "Kifi ya taɓa zuwa gidana?" Ƙarar injin ɗura iska ce ta cinye masa kunnuwa kaɗan-kaɗan, har ya koma karanta leɓen mutane ba wanda ya sani. Dole ya ɓoye, don Hajiya ta sha faɗin cewa kurma ba ya riƙe ɗakin inji, kuma ta taɓa sallamar wani a kan haka.

A wuyan kowace tukunya akwai ɗan faifan tagulla, bai fi farcen ƙaramin yatsa ba. Aikinsa kawai ya fashe. In iska ta yi wa tukunya yawa, ko rana ta gasa ta, shi ne zai tsage iskar ta fice, maimakon tukunyar ta tarwatse da mutane. Baba yana tara waɗanda suka tsage a gwangwanin kifi, yana kiransu shahidai.

Zaglul direba ya taɓa ba shi shawara. "Baba, ka riƙa haɗa faifan biyu-biyu mana, mu huta da wannan fashe-fashen."

"Kai ma ranar da waken ful ya kumbura maka ciki, ka zo in toshe ka, mu ga ta ina za ka fashe."

Wata Talata a watan Agusta, Zaglul ya bar tukwane goma sha biyu a bayan mota, cikin tsakiyar rana, ya tafi cin abinci. Da ya dawo sai ya sauke su a tsakar gida, ya jera su a tsaye ba sarƙar da za ta riƙe su. Baƙi Jamusawa shida suna gwada takalman ruwa, Hajiya tana waya, Baba kuma yana kan benci, ya ba tukwanen baya, yana juya shayi.

Sai faifan ɗaya ya tsage.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Tukunyar ta faɗi, ta kama juyi a ƙasa kamar kazar da aka yanka, tana watsa yashi da takardun baƙi. Jamusawan suka afka kwamin wanke kaya su shida. Hajiya ta shige ƙarƙashin tebur, wayar na kunnenta. Zaglul, mai kukan ciwon gwiwa kullum, sai ga shi a rabin bishiyar dabino.

Baba yana juya shayi.

Ina laɓe a bayan ƙofa ina kallonsa. Taku uku ne tsakaninsa da tukunyar. Sai da ta juyo da bakinta, iskar ta ɗaga masa gashin baki, sannan ya waiga. Na ga tsoro a fuskarsa, amma ba tukunyar yake kallo ba, idanun da ke kansa yake dubawa. Ya ajiye kofin a hankali. Ya taka ya danne ta da ƙafa, ya juya bakinta wajen bango, ya hau ya zauna a kanta kamar mai hawan jaki. Irin wannan iskar ba a rufe ta, sai ta ƙare don kanta. Ya yi mini alama da hannu, na kai masa shayinsa.

Da tsakar gidan ta yi tsit, Hajiya ta rarrafo ta tsaya a bayansa.

"Baba Dardiri, wai ba ka ji ba ne?"

Bai motsa ba, don bai ga bakinta ba. Ta ƙara matsowa, ta ƙanƙance ido. Ni da ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci, na tsinci kaina tsaye a gabansa ina buɗe baki sosai.

"Baba, Hajiya na tambaya, wai ba ka ji ƙarar ba?"

Ya dube ni ɗan lokaci, sannan ya juya.

"Na ji mana, Hajiya. Sukari ne bai narke ba."

Jamusawan suka tafa daga cikin kwami. Hajiya ta ce tun da take ba ta taɓa ganin namiji irinsa ba, ta ɗaga kai ta ce wa Zaglul ya sauko ya ji sauran bayani.

"Ina nan lafiya, Hajiya, faɗi ina ji!"

Baba ya kafa sharuɗɗa nan take: inuwa, sarƙa, kuma a sake wa sauran tukwanen faifai. Sannan ya nuna ni da cokali.

"Wannan 'yar jami'ar, a matso da teburinta bakin ɗakin inji. Karatu ya yi mata yawa, gara ta koyi sana'a."

Da ya zo wucewa ya ce ƙasa-ƙasa, ko kuma abin da yake zaton ƙasa-ƙasa ne, "'Yata, in kin ji wani abu, ki buga tebur da ƙafa. Motsin ƙasa nake ji."

Bayan la'asar ya jefa sabon shahidi a gwangwani, ya tsallaka titi wajen wanzami. Daga sabon mazaunina ina hango shi a kujera, ana yi masa aski, ya kare gashin bakinsa da tafin hannu.