Yatsansa a Ƙasan Gwiwata

Shekarar da kogi ya cika ya cinye shinkafarmu a Gaya, ina ɗan shekara goma sha uku, ina koyon kokowa wurin ƙanen kakana. Jiya na tuna da shi a ajin karatun manya, da na kasa tashi daga kujera sai da na dafa bango.

Kafin yaro ya shiga fili, yakan danna masa ƙasan gwiwa da babban yatsa, yatsa mai kaushi da warin taba. Wanda ya yamutsa fuska zai huta har bayan girbi.

Ni kuwa kullum da safe ina gudu a ɓoye da buhun jiƙaƙƙen yashi a kafaɗa. Da ya danna, zafi ya kai mini har haƙora, amma na yi murmushi.

Ya ce, "Ja'iri, ƙashinka ɗanye ne, kuma na san yana maka ciwo. Saurin me kake?"

Na ce, "Tsoho, naka ne dai ya ruɓe."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya ba ni hanya na shiga fili.

Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa. Shi ya yi nasa. Rani biyu na yi ina kokowa. Na rasa gwiwar hagu, na rasa filin, kuma shekara talatin ke nan ina salla da ƙafa a miƙe.