Sunan Uba a Darasin Turanci

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare wajen Masama, darasin farko a littafin Turanci shi ne yaro ya miƙe ya faɗi sunansa da na ubansa. 'Ya'yan Fulani sai su yi tsit. Na san dalili sarai, tare muka tashi da iyayensu: ɗan Fulani ba ya kama sunan mahaifinsa. Amma karatuna bai yi nisa ba, ina tsoron saɓa wa littafi. Sai in ɗauko tsumagiya. Da yawansu daga ranar ban sake ganinsu ba.

Bayan na yi ritaya na koma Kalgo, aka turo wata ɗaliba mai koyon malantar Turanci, Kirista 'yar ƙasar Zuru, gwajin koyarwa a Wurogauri. A gidana ta sauka. Wata rana ta dawo ko abinci ba ta taɓa ba.

"Baba, sunan uba kawai na tambayi wata yarinya, ta fashe da kuka. Yanzu uban ya aiko, wai ya cire ta."

Na faɗa mata dalili, na kuma faɗa mata abin da ni na yi a da.

"Kai Baba, duk sanyin nan naka?"

"Tsufa ne ya sanyaya ni, ɗiyata."

Ta ce a kwalejinsu kullum suna gardama a kan haka. Wasu na cewa harshe aka turo su koyarwa, al'ada ta gida ce. Ita kuwa a ganinta, wanda bai san gidan yaro ba bai isa ya koya masa harshen wasu ba. Ta roƙe ni in raka ta rugar Fulanin da yarinyar take.

Muka tarar da uban yana tufka igiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce laifin nata ne.

"Malama, yau sunana. Gobe kuma me za ki sa ta faɗa?"

"Sunayen shanunku, Baffa, da launin kowace. Da su za mu yi Turancin."

Ya dube ni, ya dube ta, dariya ta ƙwace masa. "Wannan sai rana ta faɗi ba ta gama ba."

Washegari shi da kansa ya goyo yarinyar a keke har ƙofar aji. Ni dai rakiya kawai na yi, amma har yau ina gode wa Allah da ya ja kwanana na yi ta.