Addu'ar Kawu ga Mayaƙan Zulu

Jiya 'yata Safiya ta dawo daga makaranta da hoton yaƙin sojojin Ingila da mayaƙan Zulu, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

A gidanmu ya ƙare rayuwarsa, nan Greensboro. Wata ranar sanyi muna kallon shirin wannan yaƙi a talabijin, falon ya cika da warin man zafin da yake shafa wa gwiwoyinsa. Aka jero sunayen hafsoshin Turawa da suka mutu. Da aka zo kan Zulu, sai aka ce an kashe su da yawa.

Kawu ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗaga hannu, ya daɗe yana addu'a.

Na ce, "Kawu, ai ba ka san su ba."

Ya ce, "Kakana ma da mashi ya tari bindigar Turawa a Sakkwato. Har yau ba wanda ya san kabarinsa."

Na ba Safiya labarin. Ta tambaye ni da Turanci wane kawu nake nufi. Shi ne fa ya yi mata huɗuba.

Ya Allah, kai da ba ka manta kowa, ka jiƙansa, ka haskaka makwancinsa.