Malam Abdulwahabu Makau da Babin da Aka Ce Ya Cire

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Abdulwahabu Makau a garin Gummi a shekarar 1952. Mahaifinsa Makau masunci ne a gulbin Zamfara, mahaifiyarsa Hure kuwa ɗiyar wani tsohon soja ce da ya halarci yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kuma kammala firamare, ya shiga kwalejin horon malamai a Sakkwato, ya fito a 1974.

Aiki da iyali

Ya koyar da tarihi a Anka da Bukkuyum da Gummi har shekara talatin da biyar. Ya auri Malama Basira a 1977. A shekarar ce ya lura cewa littattafan da yake karantarwa sun ambaci janar-janar da ranakun nasara, amma ba su ambaci ko mutum ɗaya daga ƙauyukan da aka ɗebi sojojin ba. Ya soma bin ƙauyukan a kan keke, yana zama da tsofaffin sojoji da matan da aka bari da takaba, yana rubuta sunan kowane sojan da ya mutu a yaƙi da na iyayensa da inda ya faɗi, tun daga Bama har yaƙin basasa da Laberiya.

Babin ƙarshe

Daga 2016, da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta, ya buɗe sabon babi a littafin da yake haɗawa, ya shigar da manoma da makiyaya da matan da aka kashe a gona da ruga da hanyar kasuwa, bai bambanta kowa ba. A 2021 wani kwamitin tunawa da mazan jiya ya amince ya buga aikin, bisa sharaɗin a cire wannan babi, domin wai hukuma ba ta taɓa kiran abin yaƙi ba, mamatan kuma ba su da lambar soja. Mutanen da suka faɗi haka ba sa iya zuwa Anka sai da rakiyar sojoji. Amsarsa a zauren taron kwamitin tana nan a rubuce: "Ranku shi daɗe, in ba yaƙi na ba, mi ya kashe su? Masassara?" Ya naɗe takardunsa ya fita. Ba a sake gayyatarsa ba, ba a kuma buga littafin ba.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, 9 ga Maris, 2023, aka yi jana'izarsa a Gummi bayan sallar La'asar. Allah Ya jiƙansa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Almustapha, Ummukulsum, Hamisu da Nusaiba. Tun ba a tashi zaman makoki ba, wakilan kwamitin suka zo ta'aziyya da sharaɗinsu na da, har da alƙawarin sa hotonsa a bangon littafin. Ummukulsum, wadda ya damƙa wa takardun, ta yanke cewa ba za a buga shafi ɗaya ba sai da babin ƙarshe.